Idona na Hagu da Babban Yatsan Iya

Ranar wata Alhamis ce da la'asar sakaliya, cikin tsananin bazara, a shekarar da sojoji suka fara dawowa daga yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na biyu, Ilu ɗan maƙwabtanmu ya ɗirka mini ƙwallon goruba a idon hagu. Muna filin da ke bayan marinar Ƙofar Mata, inda ake shanya turkuɗi, mun rabu gida biyu, kowa da lanƙwasasshiyar sandarsa, muna bin ƙwallon goruba guda ɗaya da wani yaro ya gama gwaguya bai daɗe ba, har yawunsa bai bushe a jiki ba. Shi kuwa Ilu, yaro ne da ko raƙumi aka ɗaure masa a zaure aka ce ya jefa, sai ya sami bango. Amma ran nan Allah ya ba shi sa'ar da bai taɓa samu ba, bai kuma sake samu ba har ya tsufa. Na ji wani tau a cikin ƙoƙon kaina, na ga taurari tun rana ba ta faɗi ba, har da waɗanda ba a riga an halitta ba. Da na farfaɗo sai na tarar da kaina zaune a cikin kashin jaki, yara sun kewaye ni, Ilu yana ta cewa, "Wallahi ba ni ba ne, sandar ce."

Kafin in ci gaba, ya kamata mai karatu ya san irin idanun da aka haife ni da su. Na dama dai kwalliya ce kawai, da shi ba na bambance mutum da turmi sai in turmin ya yi sallama. Na hagun shi ne mai ɗan dama-dama, shi ma sai na kawo abu kusa. A makarantar allo manna allon nake yi a hanci, kullum in tashi da tawada a kan karan hancina, har malaminmu yakan ce, "Kai Sani, karatu na ce ka yi, ban ce ka sansana ba." Daga nan sunan Sansana ya bi ni. To wannan ido guda da nake taƙama da shi, shi ƙwallon Ilu ya zaɓa.

Mahaifina marini ne. Hannayensa shuɗɗa ne har gwiwar hannu, kuma duk sabulun da ke Kasuwar Kurmi ba zai fitar da warin shuni da toka daga jikinsa ba. Aikina a lokacin ɗaukar toka zuwa marina, da jan ruwa, da yankan ciyawa a bayan ganuwa domin saniyar kakata. Kakar tawa, wadda ta haifi Baba, muna kiranta Iya. Asalinsu Fulani ne makiyaya, kakanta ne ya shigo birni ya zauna, amma ita har ta mutu ba ta yarda cewa gida yana zama gida ba tare da saniya ba. Tana da wata baƙar saniya a bayan ɗakinta da ta sa wa suna Amarya, kuma a ganin Iya babu ciwon da ke duniya wanda maganinsa ba ya fita daga gaban saniyar nan ko daga bayanta. Tsakanina da Iya wasan jika da kaka ne, tana kirana maigida, kullum tana ƙorafin ban ba ta cefane ba, ni kuma ina cewa na sake ta tun bara. Ba ta rabuwa da 'yar battar garin taba a ƙugunta, tana zubawa a bayan leɓe, tana tofarwa duk inda Allah ya nufa.

Idon ya kumbura ya yi kamar gauta, aka gasa shi da tsumma da ruwan zafi, kumburi ya saɓe, kowa ya manta. Ni ma na manta, har sai da na fara ganin walƙiya a gefen ido alhali babu ko ɗigon hadari a sama. Bayan walƙiya sai ƙudaje. Baƙaƙen ƙudaje ƙanana, garke guda, suna yawo a gabana, in kai musu mari in mari iska, in juya ido su biyo ni. Daga nan sai wani duhu ya fara tasowa daga ƙasan idon, ta wajen hanci, yana hawa a hankali kamar yadda ruwan shuni yake hawa a rijiyar rini in ana zuba mata ruwa. Abin haushin shi ne babu ciwo ko kaɗan. Ba ja, ba kwantsa, ba hawaye. Duk wanda na gaya wa sai ya gwale mini ido da yatsunsa, ko daga ina yatsun suka fito, ya leƙa, ya ce, "Ido garau kamar na ɗan maraƙi." Aka yanke hukunci a gidanmu cewa ɗaukar toka ce ba na so.

Sai da na faɗa rijiyar rini tukuna aka yarda da ni. Ina tafe da kwandon toka a ka, duhun nan ya rufe mini ƙasa, na taka inda nake zaton ƙasa ce, sai ji na yi zundum har wuya. Wanda bai taɓa ɗanɗana ruwan rijiyar rini da ya kwana biyu yana ruɓa ba, ya gode wa Allah, kada kuma ya nemi sani. Aka tsamo ni da sandar motsa shuni kamar wani zane. Na yi kwanaki ina yawo shuɗi, har awakin unguwa suna tsayawa su dube ni. Baba dai bai yi dariya ba. Ya rufe mini idon dama da tafinsa, ya tsaya a gabana ya ce in gaya masa abin da nake gani. Na ce ina ganin hularsa da goshinsa, amma daga hanci zuwa ƙasa babu shi.

Daga ranar Iya ta karɓi ragamar jinya, ni kuma na shiga uku. Da kwalli aka fara, wanda aka kwaɓa da tsohon man shanu mai ɗoyi. Da bai yi ba sai aka koma nonon mace. Aka kira wata maƙwabciyarmu mai jego, aka kwantar da ni a cinyarta, ta tatsa mini kai tsaye, rabi a ido, rabi a hanci da baki, jaririnta yana gefe yana harara ta kamar na ci masa gado. Nonon ya bushe a gashin ido, ya yi danƙo, sai ga ƙudaje na gaskiya sun zo sun haɗu da na ƙarya, na rasa wanda zan kora. Bayan nono sai aka je ga babban magani, wato fitsarin Amarya. Kuma ba kowane fitsari ba, sai na farkon safiya, da ɗuminsa. Har yau in na rufe ido ina ganin Iya tsugune a bayan saniyar nan da ƙoƙo a hannu, tana lallashinta da Fillanci, ni kuma an danne ni a tabarma ina jiran rabona. Zafinsa kamar an zuba barkono, warinsa kuwa ya zauna mini a maƙogwaro, har fura in na sha sai in ji kamar Amarya ta riga ni. In na yi ihu sai Iya ta ce, "Yawwa, maigida, ciwon ne yake fita." Ciwo kuwa yana nan zaune daram, idon da yake fari tas ma yanzu ya koma ja.

Duk wannan wasa ne a kan abin da ya same ni a unguwar Madabo. Akwai wata tsohuwa a can da ta yi suna wajen cire abin da ya faɗa ido, kuma ba da komai take cirewa ba sai da harshe. Iya ta ce lallai ɓawon goruba ne ya maƙale a ciki. Muka tarar da tsohuwar tana cin goro da haƙorinta guda ɗaya da ya rage, wanda ya yi ja kamar an rina shi. Na yi zaton za ta kuskure baki. Ta dai tofar da tuƙar goron a gefe, ta goge baki da bakin zane, ta kama kaina da hannu biyu kamar mai shirin fasa kabewa. Jama'a, na ga harshen nan yana tahowa. Da rabin idon da ya rage mini na gan shi, mai faɗi, a tsattsage, da ɓurɓushin goro a kai, sai da ya rufe mini duniya gaba ɗaya. Ya shiga ƙarƙashin fatar ido ya zagaya sama, ya zagaya ƙasa, yana da kaushi kamar na kyanwa, numfashinta na daddawa yana shiga hancina. Da ta gama sai ta tofa wani abu a tafin hannu ta nuna wa Iya, wai ga shi ta ciro. Ni dai na san ɓurɓushin goronta ne, domin na gan shi tun yana kan harshen. Na yi amai tun daga Madabo har gida, kuma shekara da shekaru ko harshen sa aka dafa ba na zama a wurin.

Ana cikin shirin kai ni wurin wani mai saukar da yanar ido da allura ne Baffa Mamman, ƙanen Baba, ya dawo daga soja da ƙaton takalmi da akwatin ƙarfe. Ya zaunar da ni ya yi mini tambayoyi, na ba shi labarin walƙiya da ƙudaje da duhu. Ya ce ya taɓa ganin irin wannan a wurin wani abokinsa da wani abu ya buge shi a fuska a can, kuma likitocin soja sun ce ciwon a can cikin ido yake, ta baya, inda ba harshen da zai kai. Ya ce a kai ni asibitin ido na Turawa da ke waje, bayan ganuwa. Iya ta yi tsalle ta dire.

"Mamman, ashe yaƙin har da hankalinka ya tafi? Nasara fa! Su ƙwaƙule masa ido su sa masa na tunkiya, ya dawo yana kallon dusa yana kuka?"

"Iya, ai gara na tunkiyar, ita tana ganin gabanta. Wannan da kuke ta wanke shi da fitsari, me ya rage?"

"Fitsarin da ya raine ku? Da shi aka wanke maka kunne kana yaro."

"Shi ya sa har yau ba na jin magana," in ji Baffa.

Baba yana zaune yana jin su. A lokacin mutanen cikin birni ba sa son abin da zai haɗa su da asibitin nan, ana cewa wanda ya shiga ko ya fito da ido to ya bar addininsa a can. Amma Baba ya sake rufe mini idon dama ya tsaya a gabana, na ce masa yanzu hular kawai nake gani. Ya dubi ƙanensa ya ce, "Gobe ka ari keke."

Likitan wani dogon Bature ne mai gashi a kunne da hanci, har da bayan yatsu, kai ka ce bunsuru aka sa wa farar riga. Aka ɗiga mini wani magani, aka shigar da mu ɗaki mai duhu, ya haska fitila yana leƙa cikin idon ta wani ɗan madubi, ya daɗe yana cewa in kalli sama, in kalli gefe. Mai yi masa tafinta wani ma'aikaci ne da ake kira Malam Audu, mutum mai haƙuri da sanyin murya. Shi ya bayyana wa Baba cewa a can bangon ido ta ciki akwai wata 'yar fata shimfiɗe, ba ta kai bawon albasa kauri ba, ita ce take karɓar hoton duk abin da mutum yake gani. Bugun goruba ya yaga ta, ruwan cikin ido ya bi ta yagewar ya shiga bayanta, yana ɗaga ta daga bango, duk inda ta ɗaga kuma nan ne duhu. Baba ya gyaɗa kai ya ce, "Kamar laso ke nan in ya ɓanɓare daga bangon rijiyar rini." Laso shi ne yaɓen da ake yi wa rijiyar don kada ta yoye. Malam Audu ya ce haka ne. Ya ƙara da cewa a wurin yara duka ne ya fi kawo shi, jifa ko naushi ko faɗuwa, kuma yaron da dama ba ya gani sai kusa-kusa kamar ni, fatar tasa ta fi saurin yagewa, wani kuma a gida yake gadonsa. Likita ya tambayi abin da aka sa a idon. Baffa ya fara lissafi, Malam Audu yana juyawa, da aka zo kan harshe sai Malam Audu ya tsaya ya haɗiye yawu kafin ya fassara. Na ga kunnuwan Baturen sun yi ja har gashin ciki. Ya ce ƙazantar za a iya wanke ta, abin da ba ya wankuwa shi ne makonnin da aka ɓata, domin fatar nan in ta daɗe a ɗage mutuwa take yi, ko an mayar da ita ba ta sake gani.

Iya ta biyo mu a ƙasa da tabarmarta da butarta, ta ce in za a cire wa mijinta ido sai dai a cire a gabanta. Da Malam Audu ya gaya mata yadda aikin yake, cewa za a sa wata allura mai zafi a tattaɓa bayan ƙwayar idon daidai inda ya yage, a tsiyaye ruwan da ya taru, in tabon ƙunar ya warke sai ya manne fatar da bango, sai ta saki baki. Ta ce, "Ashe lalas ne, ƙuna da ƙarfe mai zafi! Abin da muke yi wa shanu tun kafin a haifi kakan Baturen." Daga nan ta ɗan sauko, tunda dai a ganinta satar sana'ar Fulani suka yi. Ni dai abin da na sani shi ne an ɗora mini wani ƙyalle a hanci mai wari kamar an haɗa kananzir da ruɓaɓɓen lemo, aka ce in yi ta ƙirga, na tafi wata duniya.

Na farka na tarar an naɗe mini idanu duka biyun, an kwantar da ni rigingine ba matashi, an tokare kaina dama da hagu da jakunkunan yashi. Malam Audu ya karanto dokoki: ba tashi, ba juya kai, ba tari, ba dariya, ba tauna abu mai tauri, ba yunƙuri, uwa uba ba atishawa. Ya ce fatar tana nan kamar sabon yaɓe da bai sha iska ba, girgiza ɗaya za ta iya sake ɗaga ta, kuma in ta sake ɗagawa da wuya ta zauna a karo na biyu. Haka na kwanta makonni kamar gawar da aka manta ba a binne ba. Kunu ake ɗura mini ta bakin buta, rabi ya bi ta wuya ya gangara ƙeya ya kwanta ya yi tsami. Ana ba mu wani mai mai kauri don kada ciki ya ɗaure, wanda in ka sha sai ka yi kewar fitsarin Amarya. Zancen bayan gida kuwa, wata tasa mai sanyi ake tura maka a ƙarƙashi, ɗaki cike da mutane, kowa ya yi shiru yana saurare. Ƙwarƙwata suka gane ba ni da ikon sosawa, suka kira 'yan'uwansu na ƙauye. A gadon da ke kusa da ni akwai wani tsoho da aka yi wa aikin yana, wanda ba ya komai sai kakin majina, yana tara ta a gwangwani a daidai kunnena.

Sannan ga 'yan dubiya. A unguwarmu in ba ka je duba mara lafiya ba ka yi abin kunya, kuma dubiya ba ta cika sai an ɗaga mara lafiya zaune, an girgiza masa kafaɗa, an dube shi a fuska an ce ya ji sauƙi. Rabin Ƙofar Mata suka zo, kowa da ƙullin maganinsa a ɓoye, kowa yana son ya ɗan ɗaga ƙyallen ya ga ko da gaske idon tunkiya aka sa. Malam Audu yana korar wasu ta ƙofa, Iya tana shigo da wasu ta baya. Ita ba ta ɗauki dokokin nan da muhimmanci ba, musamman ta atishawa. Cewa take, "Atishawar da ake yi wa hamdala ita ce za ta makantar da mutum? Nasara dai ba su da aikin yi." An kuma hana ta taba a cikin ɗakin, abin da ta ɗauka cin mutunci ne.

Wata rana da azahar, zafi ya yi zafi, ma'aikata sun fita, Iya tana zaune a bakin gadona tana yi mini fifita da mafici. Na ji ɗan ƙaran buɗe batta, ƙwas. Na san sautin nan kamar sunana. Ta buɗe da hannu ɗaya, ɗayan hannun kuma bai daina fifita ba. Iskar maficin ta kwashi garin taba ta watsa mini a fuska. Na ji shi ya shiga hanci ya wuce can sama, ya fara tattaro wata atishawa tun daga yatsun ƙafata, irin wadda in ta fito sai ta yaye rufin asibitin. Ƙirjina ya cika, bakina ya buɗe da kansa. Na tuna hular Baba da nake gani ita kaɗai, na tuna na dama ba shi da amfani, na ga kaina babba ana ja na da sanda a lungunan birni. Da ƙyar na iya cewa, "Iya, atishawa."

Ban san abin da ta gani a fuskata ba. Na dai ji batta ta faɗi ƙasa, sai ga tsohuwar nan da ke kukan ciwon gwiwa kullum ta haye gado, ta danne goshina da tafin hannu ɗaya, ta kafa babban yatsanta a ƙarƙashin hancina, saman leɓe, ta danna da duk ƙarfin da ta tara tun zamanin tatsar shanu. Wannan yatsa, jama'a! Yatsan da ke murza daddawa, ya shafa man shanu, ya duba bakin saniya, ya ɗebi taba, ya sosa duk inda ya yi ƙaiƙayi, farcensa kuma rabonsa da wuƙa tun ina cikin zanen goyo. Gefensa ya zame ya shiga bakina, na ɗanɗani tarihin gidanmu gaba ɗaya. Ga atishawa tana turowa, ga amai yana neman hanya, ga Iya tana karanto duk addu'ar da ta sani da muryar da ban taɓa jin ta da ita ba, tana haɗawa da, "Riƙe, maigida, riƙe, kada ka yi mini haka." Muka daɗe a haka, har atishawar ta yi fushi ta koma inda ta fito. Sai a sannan Iya ta juya kai ta saki tata, wadda ita ma take riƙe da ita, ta sauke ta gaba ɗaya a kan tsohon mai gwangwani. Ya ce, "Yarhamukillahu, amma Allah ya isa."

Da yamma ta miƙa wa Baffa battar ta ce ya kai gida. Matar da take cin taba tun kafin Turawa su shigo Kano ba ta sake taɓa ta ba har aka sallame mu, ta yi ta hamma tana masifa da kowa. Ta kuma koma bakin ƙofa ta zauna da maficinta kamar dogari. Duk ɗan dubiyar da ya zo sai ta ce, "Ku gaishe shi daga nan, yana ji. Wanda ya taɓa mini gadon nan sai na karya masa hannu." Har Malam Audu sai da ta tambaye shi ko ya wanke hannu.

Ranar da aka kwance ƙyallen, haske ya soke ni, hawaye ya zubo, komai ya yi dishi-dishi kamar ana kallo ta cikin ruwan koko. Likita ya rufe na dama, ya ɗaga yatsunsa zai tambaye ni, sai Iya ta ture hannunsa ta kawo nata har kan hancina.

"Me ka gani, maigida?"

Na ƙura ido. A hankali ya fito, sama da ƙasa, gaba ɗayansa: babban yatsa, baƙi, mai faso, da wani abu kore-kore a ƙarƙashin farce.

"Na ga datti," na ce.

"Ɗan banza," in ji ta, sai ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna motsi.

Ba duka ganin ya dawo ba. Can ƙasa ta wajen hanci akwai wani lungu da ya mutu, har yau in na ajiye abu a nan sai in nemi wanda ya sace. Layin da yake miƙe kuma a wurina yana da ɗan doro. Likita ya ce wannan rabon makonnin da aka ɓata ne. Aka ba ni tabarau mai kaurin gindin kwalba, Baba ya raba ni da bakin rijiyoyin rini ya sa ni makarantar boko, na zama malamin makaranta, ina cin abinci da idon nan har yau. Iya kuwa har ta koma ga Allah tana gaya wa mutane cewa fitsarin Amarya ne ya tausasa ciwon, Bature ya zo ya tarar da aiki a gama.

Yanzu an ce aikin ya sauƙaƙa. Ɗamarar roba ake yi wa ƙwayar idon, ko a manne yagewar da sanyi ko da wani haske, wani lokaci a hura iska ko mai a ciki ya tokare fatar, ba mai kwanciya tsakanin jakunkunan yashi kamar buhun gero. Amma har gobe ina ganin uwaye suna tatsa nono a idon yaro, ko su sayi ɗigo a kanti su yi ta ɗigawa, don kawai ido bai yi ja ba kuma yaro bai yi kuka ba. Abin yana tayar mini da zuciya fiye da harshen Madabo. Duk ɗalibin da ya ce mini yana ganin walƙiya ko ƙudaje bayan an buge shi, ko wanda aka haifa bakwaini, da su ma an ce fatar tasu tana da rauni, yana laluben allo, ba na jiran a tashi, ni da kaina nake raka shi gida in tsaya a kan ubansa sai an tafi asibiti. Ana ce mini malam mai fitina, na kuma karɓa. Filin da muka yi wasan an gine shi, Ilu ya zama mai jikoki, ɗakin Iya ya zama wurin ajiye gawayi, ba saniya ko ɗaya a lungunmu. Hannayen da ke taɓa ni yanzu duk masu tsabta ne, suna ƙamshin sabulu. Amma duk sanda atishawa ta taso mini, sai in ji saman leɓena yana jiran yatsan nan.